Gemun Faransa Ya Kama Wuta: Abin Da Ma'aikacin Sharada, Challawa Da Bompai Ya Kamata Ya Lura Da Shi

Wanda ya saba bin titin Sharada da sanyin safiya, ko hanyar Panshekara da ke kai mutum Challawa, ko kuwa titunan Bompai, ya san yadda ma'aikata ke tururuwa zuwa ƙofofin kamfanoni kafin jiniya ta kaɗa. Manyanmu suna ba da labari cewa a shekarun 1970 da 1980 kekunan ma'aikata ne ke cika titi har mai mota ya rasa inda zai ratsa. A yau waɗansu ƙofofin an garƙame su da kwaɗo, waɗansu gine-ginen kuma an mai da su ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga ƙetare. Ma'aikatan da suka rage kuwa, tun da kuɗin mai ya tashi a 2023, da yawansu sun koma takawa a ƙasa, domin kuɗin a-daidaita-sahu zuwa da komowa yana cinye babban kaso na ladan yini.

Watakila mai karatu ya ce, to, ina ruwan wannan bawan Allah da Shugaba Emmanuel Macron na Faransa, da mutanen da suka yi ta fitowa titi suna yi masa bore? Da ruwansa ƙwarai. Rigimar da ta girgiza kujerar Macron daga famfon gidan mai ta taso, daidai inda tamu ta taso. Daɗin daɗawa, ƙiyayyar da ake yi wa wannan shugaba ba ta tsaya a ƙasarsa ba, ta ƙetaro har Jumhuriyar Nijar, ta shiga cikin rikicin da ya sa aka rufe iyakar da kayan kamfanonin Kano ke bi. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun ya riga ya babbake a watan Agustan 2024, saboda haka ya wajaba mu duba nasu, mu duba namu, mu ga inda aka yi kuskure.

Mutumin da ya ce shi ɗan tsakiya ne

An zaɓi Macron a watan Mayun 2017 yana da shekara 39, ya kayar da Marine Le Pen da kimanin kashi 66 cikin ɗari na ƙuri'u. Tsohon ma'aikacin banki ne, ya kuma riƙe muƙamin ministan tattalin arziki. Nijeriya ba baƙuwarsa ba ce, gama ya yi aikin koyon sana'a a ofishin jakadancin Faransa a ƙasar nan a 2002. Abin da ya sayar wa masu zaɓe shi ne cewa shi ba ɗan ra'ayin riƙau ba ne, ba kuma ɗan gurguzu ba, yana tsakiya, zai ɗebi abin kirki daga kowane ɓangare.

Amma zaman tsakiya yana da wuyar sha'ani. Ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne soke harajin da ake karɓa kan dukiyar manyan attajirai, ya bar shi kan gidaje da filaye kawai. Hujjarsa ita ce masu kuɗi su zuba jari a cikin gida maimakon su gudu da shi. Talakawa ba su ji wannan hujja ba, sai suka laƙaba masa sunan shugaban masu hannu da shuni. Da gwamnatinsa ta zo ta ce za ta ƙara harajin fetur da dizal daga Janairun 2019 domin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, sai mutumin ƙauye da na bayan gari, wanda ba shi da jirgin ƙasa a ƙofar gida, dole sai da mota zai je aiki, ya ce an sauke wa attajiri kaya an ɗora masa.

Ran 17 ga watan Nuwamba 2018 kimanin mutum dubu 280 suka fito a duk faɗin ƙasar. Suka saka 'yar rigar nan mai ruwan ɗorawa da doka ta tilasta wa kowane direba ajiyewa a mota, suka tare shataletale da manyan hanyoyi. Ba su da shugaba, ba su da jam'iyya, ba ƙungiyar ƙwadago ce ta kira su ba. Ta Facebook suka haɗu. Ran 1 ga Disamba aka ƙona motoci a tsakiyar Paris, aka ɓata babbar ƙofar tarihi ta Arc de Triomphe. Kwana huɗu bayan haka gwamnati ta janye ƙarin harajin. Ran 10 ga watan Macron da kansa ya fito a talbijin ya yi alkawarin ƙarin Yuro 100 a wata ga masu ƙaramin albashi, tare da waɗansu sassauce-sassauce da kuɗinsu ya kai wajen Yuro biliyan 10. Daga Janairu zuwa Maris na 2019 aka buɗe littattafan koke a ofisoshin magadan gari, shi kuma ya riƙa zagayawa yana zama sa'o'i yana amsa tambayoyi. Duk da haka an yi asara: mutum 11 suka mutu a watannin boren, galibinsu ta haɗarin mota a wuraren da aka tare hanya, fiye da mutum 20 kuma suka rasa ido sanadin harsashin roba na 'yan sanda.

Da aka fito cikin ladabi

A 2023, bayan an sake zaɓensa, Macron ya kawo dokar ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64. Ya ce mutane suna daɗewa a duniya fiye da da, asusun fansho ba zai ɗauka ba. A wannan karon manyan ƙungiyoyin ƙwadago 8 ne suka haɗa kai. Suka sa ranaku, suka tsara hanyoyin da za a bi, suka sa masu tsawatarwa. Ran 7 ga Maris, bisa lissafin gwamnati kanta, fiye da mutum miliyan 1 da dubu 200 ne suka fito, watau ninki huɗu na masu rigar ɗorawa a ranarsu ta farko, kuma akasari lami lafiya aka tashi. Masu kwasar shara na Paris suka shiga yajin aiki har bola ta kai tan dubu 10 a tituna.

Me ya biyo baya? Ran 16 ga Maris, da gwamnati ta ga ba ta da tabbacin rinjaye a majalisa, sai firayim minista Élisabeth Borne ta yi amfani da sashe na 49.3 na tsarin mulki, wanda ya ba ta iko ta zartar da doka ba tare da an kaɗa ƙuri'a a kanta ba. Da aka nemi tuɓe gwamnatin, ƙuri'a 9 kacal suka hana. A watan Afrilu Macron ya sa hannu.

A nan ne, a ganina, babban abin lura yake. Waɗanda suka ƙona motoci an biya musu bukata cikin mako uku. Waɗanda suka fito cikin tsari, da yawansu da ladabinsu, an toshe kunne an bar su. Shugaban da ya yi haka, ko ya sani ko bai sani ba, ya koya wa jama'arsa mugun karatu, watau ba a jin magana sai an ga hayaƙi. Shi ma bai sha da daɗi ba. Ya rushe majalisa a watan Yunin 2024, sabon zaɓe ya ƙara raunana shi. Majalisa ta kayar da gwamnatin Michel Barnier a Disamban 2024, ta kayar da ta François Bayrou ran 8 ga Satumba 2025, bayan da ya kawo shawarar tsuke bakin aljihu har da soke ranakun hutu biyu, ɗaya daga ciki Litinin ta Ista. A watan Oktoban 2025 sabon firayim minista Sébastien Lecornu ya sanar da dakatar da dokar fanshon nan, wadda saboda ita aka yi duk wannan ɗauki ba daɗi. Abin da aka ƙi ba mutane da lalama, daga baya an ba da shi ala tilas, bayan an ɓata shekara biyu da rabi.

Mu dawo gida

Ran 29 ga Mayu 2023, a jawabin kama aiki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cewa tallafin mai ya ƙare. Adalci ya sa a faɗa cewa shi ma yana da hujja. Tallafin ya ci sama da Naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, kasafin kuɗin da gwamnatin Buhari ta bari bai tanadi kuɗinsa ba bayan Yunin 2023, ana fasa-ƙwaurin man zuwa maƙwabta, kuma manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023 duka sun yi alkawarin cire shi. Ba a kan wannan ake jayayya ba. Jayayyar ita ce yadda aka yi, da kuma wanda aka ɗora wa kayan.

Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da N200 zuwa sama da N500. A watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala da hukuma ke sayarwa wajen N460 ta haura N1,500 a farkon 2024. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga rukunin da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'a 20 a rana, daga wajen N68 zuwa N225 kowane ma'auni, kafin daga baya a ɗan rage. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari, ta abinci kuma ta wuce kashi 40. A Oktoba litar fetur ta haye N1,000.

Ga lissafin da ko ɗan firamare zai iya. A 2019 mafi ƙanƙancin albashi N30,000 ne, litar fetur N145; albashin wata yana sayen lita 206. A 2024 albashin ya zama N70,000, jihar Kano ma ta ce N71,000, amma da lita ta kai N1,000 sai ya zama lita 70 yake saye. An ƙara wa ma'aikaci takarda, an rage masa tuwo. Bugu da ƙari, dokar albashin ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya gwargwadon abin da ya yi ba.

Shi ma mai kamfani ba a cikin inuwa yake ba. Masu jimar fata a Challawa da Sharada da Dala suke sayo magungunan jima. Masu yin robobi, takalma da tabarmi da buhu, haka. Kamfanin fulawa na Bompai alkamarsa daga waje take zuwa. In wuta ta ɗauke sai janareta, dizal kuwa ya wuce N1,000 a farkon 2024. Da kuɗin aiki ya yi yawa, mai saye kuma ya talauce, abu na farko da kamfani ke yi shi ne ya soke aikin dare, na biyu ya sallami ma'aikatan wucin gadi.

Jama'a ba su fara da jifa ba. A Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka yi jerin gwano a Kano kan tsadar fulawa, ba wanda suka taɓa. Ran 3 ga Yuni ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aikin da ya kashe wutar ƙasar baki ɗaya, washegari suka dakatar domin a zauna. Sabon albashi bai samu sa hannu ba sai ran 29 ga Yuli, kwana uku kafin zanga-zangar da matasa suka daɗe suna shelantawa. Wata 14 ke nan bayan cire tallafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ran 1 ga Agusta

Mazauna Kano ba sa bukatar a ba su labarin wannan rana. An fito da safe ana kukan yunwa, kafin azahar abin ya rikiɗe. Aka fasa sabuwar cibiyar koyar da fasahar zamani ta hukumar sadarwa NCC da ke Sakatariyar Audu Baƙo aka kwashe kaya aka cinna wuta, aka shiga harabar babbar kotun jiha aka yi ɓarna, aka fasa shaguna da ɗakunan ajiya. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa dokar hana fita ta sa'a 24. A ƙarshen Nuwamba ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoto cewa 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a jihohi 6 na Arewa, 12 daga cikinsu a Kano. Rundunar 'yan sanda ta musanta. A makon da rahoton ya fito, Shugaba Tinubu yana Paris, baƙon Macron.

Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da mutum 76 gaban babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar da ta haɗa da cin amanar ƙasa, a cikinsu har da yara ƙanana da aka tsare tun Agusta. Waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da hotunansu suka zaga duniya sannan Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin sakinsu, Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Ka ga mu ma an koya mana karatun nan na Faransa: ba a ji kukan uwa ba sai da ɗanta ya faɗi gaban kyamara.

Wa ya biya kuɗin wannan rana? Mai kamfani ya rufe ƙofa ya jira. Ma'aikacin gwamnati albashinsa bai ragu ba. Amma leburan da ake biya kullum, da mai sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfani, da mai ɗaukar kaya, duk kwanan da aka yi a kulle tukunyarsu ba ta hau murhu ba. Kuɗin mai kuwa bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi wata guda bayan haka.

Fushi marar kai

Me ya sa fushin Kano ya fito ba jagora? A ganina amsar tana cikin rufaffun ƙofofin nan na Sharada da Bompai. Kamfani ba wurin samun albashi kaɗai ba ne. Wuri ne da Bahaushe da Tibi da Ibo da Bayarabe da mutumin Zangon Kataf ke tsayawa kan inji ɗaya, su zaɓi wakili ɗaya, su koyi yadda ake kai koke, da yadda ake shiga yajin aiki, da yadda ake fita daga cikinsa da wani abu a hannu. Daga masaƙar Arewa Textiles ta Kaduna Adams Oshiomhole ya taso, ya jagoranci ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, kana ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Tun daga shirin SAP na 1986, da ƙarancin wuta, da kwararowar atamfa da yadi masu arha daga Asiya, masaƙun Kano da Kaduna suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan waɗancan ma'aikata su ne matasan da suka cika titi a 2024. Ba su da katin ƙungiya, ba su da wakili, ba wanda gwamnati za ta kira ta zauna da shi, ba kuma wanda zai busa usur ya ce ya isa haka, a koma gida.

A gwada da Janairun 2012, lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya ɗaga lita daga N65 zuwa N141. A wancan karon ƙungiyoyin ƙwadago da na lauyoyi da malamai da ɗalibai ne a gaba. A dandalin Silver Jubilee na Kano, matasa Kirista suka yi zobe suka tsare Musulmi har suka idar da salla, daga baya Musulmi suka kai ziyarar zumunci majami'un Sabon Gari. An yi asarar rayuka a lokacin ma, amma akwai bukata guda bayyananna, akwai waɗanda za a yi magana da su, kuma ran 16 ga watan aka sauko da lita N97. Bambancin 2012 da 2024 ba yawan yunwa ba ne kawai, bambancin tsari ne.

Haushin kaza

Wani abin da ya ba mutane mamaki a Agustan 2024 shi ne tutar Rasha da waɗansu matasa suka riƙa ɗagawa a titunan Kano, har aka kama telolin da ke ɗinka ta. Daga Nijar aka kwaikwayo wannan. Bayan da sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli 2023, dubban mutane suka yi dafifi a ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai suna zagin Macron, suna ɗaga tutar Rasha. Macron ya ƙi amincewa da sojojin, ya ƙi janye jakadansa, amma a ƙarshen Satumba ya sauko. Kafin Kirsimeti sojojin Faransa wajen 1,500 duk sun fice. Mutanen Nijar suna da dalilansu: shekaru fiye da 50 ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haskaka Faransa, alhali yawancin ƙauyukansu suna cikin duhu.

Amma a duba abin da rikicin ya yi wa Kano. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka a Jibiya da Maigatari da Kongolam, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka. Robobi da sabulu da alewa da kamfanonin Kano ke kai wa Maraɗi da Damagaram suka tsaya, dabbobi da wake da fatun da ke shigowa suka ragu. A watan Agustan 2023 mutanen Kano suka yi zanga-zangar ƙin a kai wa Nijar yaƙi, kuma sun yi daidai, domin 'yan uwa ɗaya ne. Sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe iyakarta. Tsakanin taurin kan Paris da na Yamai da na Abuja, ma'aikacin Sharada ne ya rasa kwanakin aiki.

Akwai kuma abin da mu musamman bai kamata mu manta ba. A Janairun 2015, tun kafin zamanin Macron, da wata jarida a Paris ta buga zanen ɓatanci, fushin ya sauka a kan waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Aka ƙona cibiyar al'adun Faransa a Damagaram, amma a Yamai kaɗai hukuma ta ƙirga majami'u 45 da aka cinna wa wuta, mutum 10 suka mutu a ƙasar. Masu sujada a waɗannan majami'u Hausawa ne da Zabarmawa da baƙi 'yan Afirka, ba Faransawa ba. Haushin kaza ke nan, huce kan dami. Mazauna Kano da suka ga Oktoban 1991 da Mayun 2004 sun san yadda taro ke juyawa cikin ƙiftawar ido. Abin godiya ne cewa tarzomar 2024 ba ta ɗauki launin addini ba, gama yunwar ba ta tambayi sunan kowa ba. Amma fushin da ba shi da jagora ba a yi masa shaida. Yau ɗakin ajiya, gobe ba a san ƙofar wa ba. Wanda ke murna in ya ga ana fasa kantin wani, ya tuna nasa ma ƙofa gare shi.

Abin da ya kamata a nema

Ba ina cewa a yi shiru ba. Tsarin mulkin ƙasa ya ba kowa 'yancin taro cikin lumana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake cewa shi ne a san abin da ake nema, a kuma san wanda ake nema wurinsa. Kiran a dawo da komai yadda yake a da, ko kiran soja, ko ɗaga tutar wata ƙasa, ba ya sa hatsi a rumbu. Ga waɗansu bukatu da za a iya ƙirgawa, a kuma bi sawunsu.

Na farko wuta. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ba kamfanin da zai ɗauki sababbin ma'aikata a irin wannan hali. Bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa tun Yunin 2020, an kuma sha ɗaga ranar gama shi. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi ranar da gas zai isa Challawa da Sharada da Bompai, ba bakin gari kawai ba.

Na biyu albashi. Ma'aikatar ƙwadago tana da masu duba kamfanoni. Su shiga su ga mutum nawa ne suka shekara biyar, goma, ana kiransu 'yan wucin gadi, ba takarda, ba fansho, ba izinin shiga ƙungiya. Mai kamfanin da ke tsoron ƙungiyar ma'aikata ya tuna cewa gara wakilin da zai zauna da shi a ofis da taron da zai tsallako katanga.

Na uku lissafi. Tun da aka cire tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai. Ba Abuja kaɗai za a tuhuma ba. A tambayi gwamna da shugaban ƙaramar hukuma nawa ya shigo, ina motocin safa masu rahusa da za su kai ma'aikaci Challawa, ina magani a asibiti.

Na huɗu jini. Iyayen da suka binne 'ya'yansu a Agustan 2024 suna da hakkin a yi bincike a fili, a faɗi wanda ya yi harbi, da wanda ya ba da umarni. Idan 'yan sanda suna da gaskiya, binciken zai wanke su.

Ga shugabanni kuwa, Macron ya ishe su misali. Mai yiwuwa ne lissafin shugaba ya zama daidai a takarda, amma in ya ɗora kayan kan wanda ya fi kowa rauni, ya kuma toshe kunne ga waɗanda suka zo da ladabi, to, zai ji daga waɗanda ba su da shi. Tsarin mulkin Faransa bai ba Macron damar tsayawa karo na uku a jere ba, wa'adinsa zai ƙare a 2027. A wannan shekarar ce kuma mu ma za mu koma rumfar zaɓe. Kafin ranar, iyaye su san inda 'ya'yansu suke kwana, ma'aikata su farfaɗo da ƙungiyoyinsu, maƙwabci ya riƙe maƙwabcinsa kamar yadda aka yi a Silver Jubilee, kowa kuma ya adana katinsa na zaɓe. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa jiniyar kamfanoninmu ta sake kaɗawa. Amin.